Man kaɗanya zalla, kirim, ko haɗin nano: wanne ya dace da mai sana'ar man shafawa a Kumasi?

Duk mai haɗa man shafawa tana sayarwa a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango ta san ƙorafin da ke biyo bayan hunturu. "Hajiya, man naki yana da kyau, amma maiƙon ya yi yawa." "Anti, yana sa ni gumi." "Ba ya shiga jiki." Man kaɗanyar da aka yi ta rububinsa a Disamba da Janairu, lokacin da ƙafa ke kaushi leɓe na tsagewa, shi ne ake turewa gefe a Maris idan zafi da damshin Kumasi suka haɗu. Daga nan mai sana'a take fara neman yadda za ta sassauta kayanta, kuma a wurin neman ne take cin karo da tallan da ya cika TikTok da Instagram: siram ɗin nano, loshan ɗin nano, har da ɗan injin da ake cewa yana mayar da kowane mai nano cikin 'yan mintuna.

Hanyoyin da ke gabanta uku ne. Ko ta bar man yadda yake, babu ruwa a ciki, ta narka ta buga shi ya yi laushi. Ko ta haɗa shi da ruwa ya zama kirim ko loshan irin wanda kowa ya sani. Ko kuma ta bi hanyar da masana ke kira nano-imalshan, wadda zan riƙa ce wa haɗin nano a nan. Ra'ayina tun kafin a yi nisa shi ne, aikin da ake son man ya yi a fata shi zai raba gardama. Man da aikinsa ya zauna a kan fata ya tsare mata ruwa, asarar kuɗi ce a mayar da shi nano. Haɗin nano yana biyan wahalarsa ne a inda ake da ɗan sinadari kaɗan mai ƙarfi, wanda ba ya narkewa a ruwa, ana kuma son a baza shi siriri cikin abu mai ruwa-ruwa.

Girman ɗigo, da abin da yake jawowa

Mai da ruwa ba sa zama tare sai an sa musu mahaɗi, wato sinadarin da gefensa ɗaya ke kama ruwa, ɗayan kuma ke kama mai. Idan aka buga su tare, man yakan farfashe ya zama ƙananan ɗigo, mahaɗin ya lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi komawa jikin ɗan'uwansa. Madarar shanu haka take tun daga hantsa, kirim da loshan ma haka suke. Bambancin duka a girman ɗigon yake. Na kirim yakan kama daga maikiromita 1 zuwa gomomi. Na haɗin nano galibi tsakanin nanomita 20 ne zuwa 200, kuma nanomita 1,000 ne ke yin maikiromita ɗaya. Kaurin gashin kai guda ɗaya yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000.

Wannan ƙanƙanta tana da amfani na zahiri. Tun 1851 masanin lissafi George Stokes ya nuna cewa saurin da ɗigo ke tasowa sama yana bin girmansa ninki cikin ninki: a rage girman sau 100, saurin tasowar ya ragu sau 10,000. Shi ya sa loshan ke bukatar a kaurara shi kafin man ya daina tasowa, haɗin nano kuwa yana iya zama tsararo kamar ruwa, a zuba shi a kwalbar feshi, kuma bai rabu ba. Idan ɗigon ya yi ƙasa da nanomita 100 ko kusa da haka, haske yakan ratsa shi, sai haɗin ya yi garau da ɗan shuɗi-shuɗi. Wanda ɗigonsa ya kai 200 kuwa fari yake fat. Don haka fari ba ya nufin ba nano ba ne, garau ma ba shaidar nano ba ce. Zan dawo kan wannan.

Tana kuma da hasara wadda masu talla ba sa faɗa. Cokali ɗaya na mai, idan aka rage girman ɗigonsa sau 100, faɗin jikinsa da ke gogayya da ruwa ya ƙaru sau 100. Kowane sashe na wannan faɗin yana bukatar mahaɗi ya rufe shi, kuma kowane sashe ƙofa ce ga iskar da ke cikin ruwa ta sa man ya yi ɗoyi.

Me ke shiga fata da gaske

Saman fata, wanda kaurinsa a yawancin jiki bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba, gini ne irin na tubali da laka: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani irin kitse da jiki ke yi shi ne lakar da ta cike tsakaninsu. Duk abin da zai wuce, ta cikin lakar nan zai bi, kuma hanyar ta fi ƙarfin ɗigo mai nanomita 100. Abin da aka fi gani a bincike shi ne ɗigon ba ya ratsa lafiyayyar fata a dunƙule. Da an shafa, ruwan ya bushe, ɗigon ya fashe, man da mahaɗin su bazu a sama, wani kaso kuma ya taru a ramukan gashi. Sinadarin da aka narka a cikin man ne ke fita ya shiga, idan shi kansa yana da halin shiga.

Akwai ma'aunin da likitocin fata biyu, Bos da Meinardi, suka gabatar a shekarar 2000: sinadarin da nauyinsa ya wuce dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. A ɗora wannan a kan kayanmu. Kitsen da ke cikin man kaɗanya, man zogale da man kuka yana kusan dalton 850 zuwa 900. Azadiraktin na darbejiya yana da 720. Kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum launinsa, yana da 368. Taimokinon na habbatus sauda da yujinol na kanumfari kowanne 164. Wannan lissafi kaɗai ya raba kayan gida biyu. Na farko, ko an niƙa su yaya, mafi yawansu a saman fata za su tsaya. Na biyu suna iya shiga, matsalarsu ita ce yadda za a kai su fata ba tare da sun lalace ko sun ƙona ta ba.

To me ya sa kwastoma ke cewa haɗin nano yana shiga jiki nan take? Domin mafi yawan abin da ke cikin kwalbar ruwa ne. Man da ke ciki sau da yawa kashi 5 zuwa 20 ne cikin ɗari, sauran ya bushe ya bi iska, hannu ya ji wasai. Jin daɗin gaskiya ne, kuma a garin da mutum zai shiga trotro daga Kejetia da rana tsaka ba abin rainawa ba ne. Amma loshan mara nauyi da aka haɗa da kyau yana ba da kusan wannan jin, da kuɗi kaɗan.

Inda haɗin nano ya fi kirim da gaske, ta hanya biyu ne: yana riƙe sinadarin a narke yana baza shi daidai ko'ina, sannan mahaɗin da ke cikinsa yakan sassauta lakar fatar ya buɗe hanya. Sai dai a san cewa yawancin gwajin da ke nuna wannan fifiko a ɗakin bincike aka yi su, da fatar kunnen alade ko ta ɓera da aka shimfiɗa a kan wata 'yar kwalbar gwaji. Gwaji a jikin mutane masu rai bai kai wannan yawa ba.

Man kaɗanya

A nan ne mafi yawan kuɗin 'yan'uwanmu ke kwance, don haka bari a tsaya a kansa. Man da ke zuwa daga Tamale, Wa da Bolgatanga kitse ne mai daskarewa, wanda asid ɗin sitiyarik da na oliyik suka mamaye, kowanne kusan kashi 40 ko sama da haka. Yana fara narkewa a wajen zafin jiki. Abin da ya bambanta shi da sauran mai shi ne kason da ba ya zama sabulu idan an dafa shi da toka, wanda yakan kai kashi 5 zuwa 10, alhali a yawancin mai bai wuce 1 ko 2 ba. A cikin wannan kaso ne ake samun su lufiyol da amirin da ake danganta su da kwantar da kumburi.

Babban aikinsa a fata shi ne ya yi shimfiɗa ya rage ruwan da ke fita daga jiki. Wannan aiki kuwa yawan man da ya zauna a kan fata ne ke yin sa. Man kaɗanya zalla kashi 100 ne. Kirim mai kauri yana iya ɗaukar kashi 20 zuwa 30. Haɗin nano ya fi su duka ƙarancin mai. Wadda ƙafarta ke faso a Janairu, ko yaron da fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi, idan aka ba su kwalbar feshi mai kashi 10 na mai a farashin da ya ninka, an cuce su ko da ba da niyya ba.

Akwai kuma matsalar daskarewa. Idan aka narka man kaɗanya aka farfasa shi da zafi, da ya huce ɗigon zai daskare ya zama ƙwayar kitse mai tauri. Wannan wani fanni ne daban, wanda Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya suka buɗe a farkon shekarun 1990, kuma sanannen aibinsa shi ne kitsen yana ci gaba da sake tsarin daskarewarsa a cikin kwalba, har ya turo sinadarin da aka ɓoye a cikinsa waje, wani lokaci haɗin duka ya kame. Mai buga man kaɗanya ta san ɗan'uwan wannan hali, wato tsakuwa-tsakuwar da ke fitowa idan man ya narke a shago ya sake hucewa a hankali. Maganin wancan mai sauƙi ne: a narka shi gaba ɗaya, a sanyaya shi da sauri, a buga. A haɗin nano babu gyara irin wannan bayan kaya sun bar hannunki.

Wadda ta dage sai da kaɗanya a cikin haɗi mai ruwa-ruwa, ta nemi kason ruwansa. Masana'antu a Tema da Techiman suna raba man gida biyu. Mai taurin yana tafiya wurin masu cakulan, domin dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa har kashi 5 na wasu kitsen tsiro, ciki har da na kaɗanya, a cakulan. Mai ruwan, wanda ake kira oliyin, ba ya daskarewa da wuri, kuma shi ya fi dacewa da loshan da haɗin nano.

Man koko halinsa ɗaya da na kaɗanya a wannan batu, har ya fi shi tauri. Man kwakwa da alayyadi suna narke a zafin Kumasi, suna haɗuwa cikin sauƙi, amma loshan ya ishe su.

Wani abu da ya kamata mai zaɓen mai ta riƙe, ko wace hanya za ta bi: ba kowane mai ke gyara fata ba. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila aka buga a 2013, manyan mutane sun shafa man zaitun a hannu na tsawon makonni, sai aka ga ya raunana saman fatarsu, alhali man sanfulawa bai yi haka ba. An danganta bambancin da yawan asid ɗin oliyik a zaitun da yawan linoliyik a sanfulawa. Man zogale ma oliyik ɗinsa yana kusan kashi 70. Ba ina cewa a guje shi ba ne, amma haɗa mai irin wannan da mahaɗi mai yawa a shafa wa jariri ko mai ciwon fata ba dabara ba ce.

Inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu

Kurkum shi ne misali mafi kyau. Kurkumin kusan ba ya narkewa a ruwa, haske yana kashe shi, kuma garin da ake zubawa a kirim yawancinsa zama yake a sama yana rina fata da mayafi. Idan aka narka tataccen sinadarin a cikin mai aka farfasa, kaɗan ya isa, kuma ya bazu daidai. Rinin dai ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Habbatus sauda ma haka: taimokinon ba ya jure haske, man yana da ƙarfi yana iya tayar da ƙuraje ga wasu idan aka shafa shi zalla, kuma yana da tsada. A tsarma shi cikin haɗi siriri a kwalba mai duhu, abu ne mai ma'ana.

Sai mayukan ƙamshi masu tashi, irin na kanumfari, na ɓawon lemo da na ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami. Waɗannan ba a shafa su zalla, kuma a abin da zai kwana a fata yawanci ba a wuce kashi 1, a fuska ma ƙasa da haka. Idan aka ɗiga su a ruwa aka girgiza, feshin farko ruwa ne, na ƙarshe kuma wuta. Haɗin nano yana sa kowane feshi ya zo da adadi ɗaya. Wannan fa'ida ce babba.

Darbejiya kuwa tana tsakiya. Farfasa man yana sa ya bazu a ruwa, abin da ke da amfani a sabulun ruwa ko feshin gashi. Warinsa daga sinadaran farar wuta yake, kuma niƙa ba ta cire shi, tsarmawa ce kawai ke rage shi.

Abin da ke narkewa a ruwa da kansa, kamar ruwan zoɓo da muke yin sobolo da shi, ko ruwan alobera, ba shi da abin yi a cikin ɗigon mai. A cikin ruwan haɗin zai zauna, kamar yadda zai zauna a loshan. Wanda ya rubuta miki "zoɓon nano" a kwalba, tambaye shi me aka niƙa.

Wanne ya fi jure zaman shago

Man zalla shi ne sarkin juriya. Babu ruwa, don haka ƙwayoyin cuta ba su da wurin hayayyafa, muddin an dafe shi ruwan ya fita sosai tun daga arewa, kuma ba a sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki. Abokin gabarsa zafi ne da iska. Bitamin E kaɗan da rufaffen mazubi suna tsawaita kwanansa.

Da zarar ruwa ya shiga, kirim ne ko nano, labari ya canza. Dole a sa sinadarin hana ruɓewa na gaske. Bitamin E ba ya wannan aiki, yana hana ɗoyi ne kawai, kuma wannan kuskure ya yawaita a cikin masu haɗawa a gida. Finoksi'etanol ana sa shi har kashi 1. Su sodiyam benzowet da fotasiyam sobet ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami, ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH. Ruwan ma ya zama tatacce irin na ɗakin gwaji, domin fiyawata na leda an yi shi ne don sha. Haɗin nano ya fi kirim wuyar tsarewa a nan, saboda mahaɗan da aka fi amfani da su, irin Tween 80, suna iya kame wani kaso na sinadarin hana ruɓewar su rage masa ƙarfi.

Yana kuma da wata cuta tasa ta kansa, wadda ke ɗauke da sunan masanin Jamus Wilhelm Ostwald. Idan man yana ɗan narkewa a ruwa ko yaya, ƙananan ɗigo sukan riƙa zubar da abin cikinsu a hankali, manya suna sha suna ƙara girma, har haɗin da ya fito garau ya dushe ya rabu. Mayukan ƙamshi su ne suka fi kamuwa, wato daidai kayan da suka fi bukatar nano. Maganin da aka sani shi ne a gauraya su tun farko da mai mai nauyi wanda ba ya narkewa a ruwa sam. A nan man zogale ko oliyin na kaɗanya ke samun aikin da ya dace da su a cikin haɗin nano: su riƙe ɗigon, wani ya yi aikin.

Zafi yana gaggauta duk wannan. Kwantenar ƙarfe a bakin titi, ko katan a bayan motar da ta nufi Accra, zafinsu yana iya wuce digiri 40. Haɗin da ya zauna lafiya a ɗakin bincike mai iyakwandishan ba a san halinsa ba sai an gwada shi a irin wannan yanayi.

Kayan aiki

Man zalla tukunya da mabugi kawai yake so. Kirim yana son sikeli mai auna giram, ma'aunin zafi, ma'aunin pH da bilenda ta hannu, duka ana samunsu ba tare da an sayar da fili ba. Bilenda ba ta kai ɗigo ga nano, komai daɗewar bugu.

Hanyar masana'antu ita ce injin matsi, jikan wanda Auguste Gaulin ya ƙera a Faransa don madara a wajen 1900. Yana tura haɗin ta wata 'yar kafa da matsin da ke kai 500 zuwa 1,500 a ma'aunin matsi na bar, a maimaita sau da dama. Kuɗinsa da gyaransa sun fi ƙarfin sana'ar gida. Ta biyu ita ce injin girgizar sauti mai sandar ƙarfe da ake tsomawa cikin haɗin. Yana aiki, amma kaɗan-kaɗan yake yi, yana zafafa kayan har ƙamshi ya gudu idan ba a kewaye shi da ƙanƙara ba, bakin sandar yana cinyewa yana zuba a ciki, kuma idan dumso, wato ɗauke wuta, ya faɗo a tsakiyar aiki sai a sake daga farko. Ɗan bahon da ake wanke zobe da tabarau a ciki, wanda wasu ke tallatawa da sunan injin nano, ƙarfinsa bai kai ba.

Akwai hanya ta uku da ba ta bukatar babban inji. Tushenta aikin Kozo Shinoda ne na Japan a ƙarshen shekarun 1960: wasu mahaɗan suna juya hali a wani zafi, daga son ruwa zuwa son mai, kuma idan aka kai haɗin wannan gaɓa aka sanyaya shi da sauri, ɗigon yakan fito ƙanana da kansa. Ana kuma iya yin kusan haka ta ɗiga ruwa sannu a hankali cikin man da aka gauraya da mahaɗi. Wannan ce hanyar da mai ƙaramin jari za ta iya gwadawa. Farashinta shi ne tana cin mahaɗi da yawa, tana son awo daidai, kuma tsarin da ya yi wa mai ɗaya aiki ba lallai ya yi wa wani ba.

A nan ne batun garau ya dawo. Idan aka zuba mahaɗi irin Tween 20 ninki huɗu ko biyar na ɗan man ƙamshi, aka ƙara ruwa, za a sami abu garau cikin minti ɗaya. Halal ne, haka ake yin feshin jiki da yawa, amma mahaɗi ne ya fi yawa a ciki, yana danƙo, yana kumfa, kuma yana iya busar da fata. Ido ba ya bambance shi da haɗin nano na gaske. Na'urar auna ɗigo da hasken leza ce ke bambancewa, irin Zetasizer, wadda sai a jami'a ko babban kamfani. Mai son gwadawa a Kumasi, tsangayar harhaɗa magunguna ta jami'ar KNUST ce wurin fara tambaya.

Haɗarin buɗe hanya

Abin da ke sassauta fata ba ya zaɓen wanda zai wuce. Ya ƙara shigar kurkumin, ya kuma ƙara shigar turare, da yujinol, sitiral da limonin, waɗanda duk suna cikin jerin sinadaran ƙamshi da dokar Turai ta wajabta a rubuta a kwalba saboda suna tayar wa wasu da borin fata. Man ɓawon lemun tsami da aka matse yana ɗauke da abin da ke ƙona fata idan rana ta taɓa ta. A fatarmu kuwa ƙuna ko ƙaiƙayi ba ya tafiya haka nan, yakan bar baƙin tabo na watanni, kuma tabon ne tun farko ya kai mutum sayen man.

Mafi muni shi ne haɗa shi da kayan bilicin. Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta haramta haidirokinon a kayan kwalliya tun 2016, amma kowa ya san ana cakuɗa shi da man sitiroyid a bayan fage. Zuba irin wannan cakuɗi a cikin abin da aka ƙera don ya buɗe fata ƙara wa guba hanya ne. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta wajabta rajistar kayan kwalliya kafin sayarwa, hukumar tana da ofis a Kumasi, kuma da zarar kwalba ta yi iƙirarin warkar da cuta ta bar sahun kwalliya ta shiga na magani, inda sharuɗɗan suka fi tsauri.

To wanne za a ɗauka

Mai sayar wa gidaje don kaushi, faso, bushewar fata da gashi, ta tsaya a man zalla, ta zuba kuɗinta a tace shi da kyau da mazubi mai tsabta. Wadda ƙorafin maiƙo ke kore mata kwastomomi daga Maris zuwa Nuwamba, loshan ne amsarta: mai kashi 10 zuwa 15, wani ɓangare oliyin ko man kwakwa, da ɗan gilisarin, da sinadarin hana ruɓewa na gaske. A ganina mafi yawan masu tunanin nano a Zango wannan matakin ne ba su gama ƙwarewa a kai ba, kuma a nan ribar take. Haɗin nano na wadda ke da kaya ɗaya takamaimai ne, siram ɗin fuska na habbatus sauda ko kurkum, ko feshi mai man ƙamshi, tana da masu saye da za su biya, tana kuma da hanyar awo. Ita ma ya fi mata ta ba kamfani ko ɗakin bincike kwangilar haɗawa a kan ta sayi inji.

Idan mai kawo kaya ya ce, "Hajiya, wannan nano ne, daga waje aka kawo," amsar ita ce, "Malam, ina takardar awon ɗigon?" A takardar a duba matsakaicin girman, ya zama ƙasa da nanomita 200, da lambar bambancin girma, wadda ake so ta yi ƙasa da 0.3. A tambayi ko an sake awon bayan wata uku a zafin digiri 40 ko 45, domin awon ranar haɗawa kowa yana iya cinye shi. A tambayi kashi nawa ne mai, kashi nawa ne mahaɗi, da wane sinadarin hana ruɓewa aka sa, da ko an yi masa gwajin ƙwayoyin cuta. Kafin a sayi da yawa, a ɗauki kwalba uku: ɗaya a firji, ɗaya a ɗaki, ɗaya a shagon da ya fi zafi, a riƙa duba launi, wari da ko zoben mai ya fito a wuyan kwalba. Sannan a shafa kaɗan a cikin dantse safe da yamma na mako guda kafin a kai shi fuskar kowa.